Tarihin Raɗa wa Tsirrai Suna a Kimiyyance: Waiwaye Daga Ƙasar Katagum

1.0 GABATARWA

Kowane fanni na kimiyya yana da wasu manyan ra'ayoyi waɗanda a kansu aka aza tubalinsa. A ilimin tsirrai, ɗaya daga cikin irin waɗannan ra'ayoyi shi ne kowane irin tsiro ya zamana yana da suna guda tak wanda masanan duniya duka za su san shi da shi, kuma sunan ya riƙa nuna 'yan'uwansa. A yau ana ganin wannan kamar abu ne mai sauƙi, amma sai da aka shafe fiye da shekara 2,000 ana kai-kawo kafin ya zauna da gindinsa.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan ra'ayi tun daga tushensa, tare da yada zango a ƙasar Katagum, wadda tarihin ya ratsa ta cikinta har sau biyu, wato a shekarar 1824 da kuma farkon ƙarni na 20. Abin da ake so a nuna shi ne, raɗa wa tsirrai suna aiki ne na harshe tun asali, kuma kimiyya ba ta taɓa wadatuwa ga barin sunayen da mutanen ƙasa suke kiran itatuwansu da su ba. A duk tsawon maƙalar za a yi amfani da kalmar "iri" ga mafi ƙanƙantar rukuni, "jinsi" ga tarin ire-iren da suka yi kusa da juna, sannan "dangi" ga tarin jinsuna.

2.0 MATSALAR SUNA A ZAMANIN DA

Wanda aka fi dangantawa da fara rubuta ilimin tsirrai shi ne Tiyofarastas, almajirin Aristotal, wanda ya rasu wajen shekara 287 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya yi bayanin tsirrai kimanin 500, ya kasa su bisa la'akari da girmansu da yanayin tsiwarsu, tun daga manyan itatuwa har zuwa ciyayi. A ƙarni na farko na Miladiyya kuma wani likita mai suna Diyoskoridis ya tattara bayanin tsirrai kimanin 600 da ake magani da su. Littafinsa ya zama abin dogaro ga likitoci har tsawon shekara 1,500.

Da aka zo fassara wannan littafi zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, sai matsalar suna ta fito fili. Mai fassarar, Isɗifanu ɗan Basil, ya tarar da sunaye da dama na Girkanci waɗanda bai san takwarorinsu na Larabci ba, saboda haka ya bar su yadda suke, ya rubuta su da baƙaƙen Larabci kawai. Wannan ya sa likita yana iya karanta amfanin magani, amma ba zai iya zuwa daji ya nuna tsiron ba. Sai a tsakiyar ƙarni na 10, a birnin Ƙurɗuba na Andalus, aka haɗa wani malamin Kirista masanin Girkanci da ya zo daga Rumawa da likitocin garin, suka zauna suna daidaita sunayen da tsirran da ke gabansu.

Malaman Musulunci sun bi wata hanyar kuma. Abu Hanifa al-Dinawari, wanda ya rasu wajen shekarar 895, masanin lugga ne, kuma littafinsa Kitab al-Nabat ya ginu ne a kan abin da aka ji daga bakin Larabawan ƙauye da abin da ya zo a waƙoƙinsu. Shi kuwa Ibn al-Baiɗar, mutumin Andalus da ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya tattara magunguna da abinci kimanin 1,400, yana kawo sunan tsiro guda a harsuna daban-daban, kamar Girkanci da Farisanci da harshen Barbar. Ke nan tun a wancan lokaci mai nazarin tsirrai bai rabu da aikin mai ƙamus ba.

3.0 SUNA MAI KALMA BIYU

Bayan da jiragen ruwan Turawa suka fara kai wa nahiyoyi masu nisa, sai tsirran da aka sani suka ninka. A 1623 Caspar Bauhin ya lissafa kimanin 6,000. Sunan tsiro a lokacin jimla ce ta Latinanci mai siffanta ganyensa da furensa da saiwarsa, kuma duk sa'ad da aka gano wani mai kama da shi sai an ƙara wa jimlar kalmomi domin a bambance su.

Mutumin da ya warware wannan ƙulli shi ne Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin, wanda ya rayu daga 1707 zuwa 1778. A littafinsa Species Plantarum na 1753 ya ba kowane iri suna mai kalma biyu, ta farko sunan jinsi, ta biyu kuma mai keɓance irin. Babbar dabarar da ke cikin wannan ita ce raba suna da siffantawa. Suna ya zama alama kawai, bayanin kamanni kuma ya koma wurinsa daban. Saboda haka ne sunan kimiyya ba ya canjawa don kawai ma'anarsa ta saɓa wa gaskiya. Alal misali, ana kiran tsamiya Tamarindus indica, wato an danganta ta ga Indiya, alhali akasarin masana suna ganin Afirka ce asalinta. Kalmar Tamarindus ɗin ma aro ce daga Larabci, tamr hindi, ma'ana dabinon Indiya. Haka nan sunan jinsin maɗaci, Khaya, da na sabara, Guiera, daga harshen Wolof na Sanagal aka samo su. Kuka kuwa aka kira ta Adansonia digitata domin karrama Michel Adanson, Bafaranshen da ya je Sanagal a 1749 ya yi bayaninta.

Linnaeus ya kasa tsirrai aji 24, galibi ta hanyar ƙidaya sassan namiji na fure. Hanyar tana da sauƙin koyo, sai dai takan haɗa baƙi wuri guda ta raba 'yan'uwa. A 1789 Antoine-Laurent de Jussieu ya fito da tsarin dangi 100 wanda ya dubi kamanni masu yawa a lokaci ɗaya. Daga baya, a taron Faris na 1867, aka amince da dokokin raɗin suna da Alphonse de Candolle ya tsara, cikinsu har da ƙa'idar cewa sunan da aka fara wallafawa shi ne da haƙƙi.

4.0 KATAGUM A SHEKARAR 1824

A 1822 gwamnatin Ingila ta tura mutum uku daga Tarabulus su ƙetare Sahara zuwa Barno, wato Dixon Denham da Hugh Clapperton da Walter Oudney. Oudney likita ne mutumin Sikotland mai sha'awar ilimin tsirrai, kuma shi ne ya riƙa tsinkar ganye da fure yana busarwa a tsakanin takardu tun daga farkon tafiyar. Sun isa Kukawa a watan Fabrairu na 1823. A watan Disamba na wannan shekara Oudney da Clapperton suka bi ayarin fatake suka nufi Kano.

Sun shiga garin Katagum a farkon Janairun 1824, a zamanin Sarki Ɗankauwa wanda ya yi sarauta daga 1816 zuwa 1846. Garin sabo ne a lokacin, domin Malam Zaki, mai tutar jihadi a wannan yanki, bai daɗe da kafa shi ba kafin rasuwarsa a 1814. Oudney ya iso da ciwon ƙirji mai tsanani. Bayan 'yan kwanaki suka ci gaba da tafiya, amma a ranar 12 ga Janairu, 1824, ya mutu a garin Murmur, ba da nisa da Katagum ba. Clapperton ya binne shi a bayan gari kusa da wata tsohuwar itaciya da ya kira mimosa.

Wannan kalma ita kanta darasi ce. A wancan zamani Turawa matafiya suna kiran kusan duk itaciya mai ƙananan ganye jere kamar gashin tsuntsu da wannan suna. Saboda haka mai karatu a yau ba shi da hanyar tabbatar da ko bagaruwa ce, ko gawo, ko farar ƙaya. Da Clapperton ya tambayi wani manomi a Murmur ya rubuta sunan da aka faɗa masa, da an huta da wannan ruɗani.

Busassun tsirran da aka tara a tafiyar, kimanin iri 300, an miƙa su ga Robert Brown a Landan. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka fito daga ƙasar Hausa, domin mai tarawar ya mutu a bakin ƙofarta. Brown yana daga cikin manyan masana tsirrai na zamaninsa masu bin tsarin Jussieu, kuma shi ne wanda a 1827 ya lura da motsin ƙananan ɓurɓushi a cikin ruwa wanda har yau ake kira da sunansa. Bayaninsa ya fito a matsayin rataye ga littafin tafiyar a 1826. A ciki ya raɗa wa wani tsiron Sahara, ɗan dangin kabeji, suna Oudneya africana domin tunawa da likitan. A nan ne kuma ya kafa jinsin Parkia domin tunawa da Mungo Park, kuma itaciyar da ya kafa jinsin a kanta ita ce ɗorawa. Abin da ya kawo na amfaninta, wato yadda ake sarrafa kalwa a yi daddawa, daga bayanin Clapperton ya samo shi, shi kuma Clapperton daga mutanen ƙasar.

Tarihin sunan ɗorawa ya isa misali. Tun a 1763 Nikolaus von Jacquin ya riga ya siffanta ta da sunan Mimosa biglobosa, bayan ya gan ta a tsibiran Karibiyan, inda ake kyautata zaton cinikin bayi ne ya kai ta. Brown ya kira ta Parkia africana a 1826. A farkon ƙarni na 20 an daɗe ana rubuta ɗorawar Arewacin Nijeriya da sunan Parkia filicoidea, wanda na wata 'yar'uwarta ce. A 1955 R. W. J. Keay ya ba ta suna Parkia clappertoniana. Daga bisani aka tabbatar cewa iri ɗaya ce da wadda Jacquin ya gani, sai ƙa'idar rigaye ta mayar da ita Parkia biglobosa. Suna biyar ke nan a cikin kimanin shekara 200, alhali a bakin Bahaushe ɗorawa tana nan ɗorawarta. Irin wannan ya faru da kaɗanya, wadda aka daɗe ana kira Butyrospermum parkii kafin a koma ga Vitellaria paradoxa, sunan da aka ba ta tun 1807.

5.0 DALZIEL DA ƘAMUSUN TSIRRAI

Zango na biyu ya zo bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar a 1903. John McEwan Dalziel, wanda ya rayu daga 1872 zuwa 1948, shi ma likita ne mutumin Sikotland, ya kama aiki a Arewacin Nijeriya a 1905. A 'yan shekarun da suka biyo baya ya tara tsirrai da yawa a gundumar Katagum, a lokacin da fadar masarautar take a tsohon garin da ke bakin kogin Jama'are, kafin a mayar da ita Azare a 1916. Ya aika samfuran zuwa lambun Kew da ke Landan. Wannan ne ya sa duk mai duba littafin Flora of West Tropical Africa, wanda shi da John Hutchinson suka wallafa tsakanin 1927 da 1936, zai yi ta cin karo da sunan Katagum a matsayin wurin da aka samo samfuri. Hutchinson ne kuma ya raɗa wa hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, suna Boswellia dalzielii a 1910.

Abin da ya bambanta Dalziel da matafiyan 1824 shi ne ya ji Hausa, kuma ya ɗauki sunan Hausa a matsayin bayani na ilimi. A 1916 ya wallafa A Hausa Botanical Vocabulary, inda ya jera sunayen tsirrai na Hausa bisa tsarin abacada, kowane da takwaransa na kimiyya da amfaninsa da kalmomin da suka danganci 'ya'yansa da sarrafa shi. A 1937 ya faɗaɗa aikin zuwa harsunan Afirka ta Yamma da littafin The Useful Plants of West Tropical Africa, wanda H. M. Burkill ya sabunta ya fara fitarwa a 1985. Da yawa daga sunayen kimiyya da ake gani a ƙamusoshin Hausa, tun daga na Bargery na 1934, suna komawa ga wannan tushe. Sai dai manoma da makiyaya da maharba da masu magani waɗanda suka nuna masa itatuwan suka faɗi sunayensu, ilimin nasu ne ya cika littafin, amma sunansu bai shiga tarihi ba.

6.0 TSARIN HAUSA DA TSARIN KIMIYYA

Idan aka ɗora tsarin biyu a kan juna za a ga alaƙa iri huɗu. Ta farko ita ce inda harɗaɗɗen sunan Hausa ya dace da jinsin kimiyya:

(1) magarya: Ziziphus mauritiana
magaryar kura: Ziziphus mucronata

A nan ginin sunan ya yi kama da na Linnaeus, wato babban suna a farko, mai keɓancewa a bayansa, ɗafin nasaba yana haɗa su. Ta biyu ita ce inda Hausa ta haɗa abin da kimiyya ta raba:

(2) gwanda: Carica papaya
gwandar daji: Annona senegalensis

Waɗannan biyu ko dangi ba su haɗa ba. Kamannin 'ya'yansu a ido da baki ne ya haɗa su a harshe. Ta uku ita ce inda jinsi guda na kimiyya ya rarrabu cikin sunayen Hausa da ba su nuna wata nasaba ba:

(3) ɓaure: Ficus sycomorus
ceɗiya: Ficus thonningii
durumi: Ficus polita
gamji: Ficus platyphylla

Ta huɗu ita ce inda Hausa ta fi kimiyya zurfafa rarrabewa, kuma wannan ya fi yawa a amfanin gona. Kaura da farfara da takanɗa da karan dafi duk iri ɗaya ne a kimiyyance, wato Sorghum bicolor, haka ma gero da maiwa da dauro suna ƙarƙashin suna guda. Amma manomin da bai bambance gero da maiwa ba zai yi asarar damina, domin lokacin nunarsu ba ɗaya ba ne.

Daga nan za a fahimci cewa kowane tsari yana amsa tambayarsa ne. Na Hausa yana duban amfani da kamanni da muhalli, na kimiyya yana neman nasaba. Fulfulde, wadda ita ma harshen wannan masarauta ce, ta shigar da rarrabewar cikin nahawunta, domin sunayen itatuwa da yawa suna cikin ajin suna na ki, kamar ɓokki ga kuka, jaɓɓi ga tsamiya, caski ga gawo da nareehi ga ɗorawa.

7.0 DALILIN SAUYAWAR SUNAYE A YAU

Linnaeus da Jussieu sun tsara tsirrai bisa kamanni ba tare da wani bayani na dalilin kamannin ba. A 1859 Charles Darwin ya kawo ra'ayin cewa ire-iren da suka yi kama da juna sun fito ne daga tushe guda, kuma tun daga nan masana suka riƙa ɗaukar rarrabewa a matsayin zanen salsala. A ƙarshen ƙarni na 20 aka samu damar gwada sinadarin gado na DNA kai tsaye, kuma a 1998 wata ƙungiyar masana ta fitar da sabon tsarin dangogin tsirrai masu fure bisa wannan ma'auni.

Sakamakon ya taɓa itatuwan ƙasar Hausa sosai. Kuka da rimi da goro da lalo, waɗanda a da aka rarraba su a dangogi daban-daban, yanzu an haɗa su da kuɓewa da rama da yakuwa da auduga a dangi guda mai suna Malvaceae. Mai girki da ta san yauƙin kuka da na kuɓewa da na lalo ba za ta yi mamaki ba. Amma karkashi, duk da yauƙinsa, ɗan'uwan riɗi ne a wani dangin daban, abin da ke nuna cewa kama da wane ba ta wane.

Haka kuma bincike ya nuna cewa tsohon jinsin Acacia ya ƙunshi zuriya fiye da ɗaya. A taron Biyana na 2005 aka yanke shawarar barin sunan ga itatuwan Ostireliya, aka kuma tabbatar da hakan a taron Malbon na 2011, duk da ƙorafin masana da dama na Afirka. Ta haka bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, farar ƙaya ta koma Vachellia sieberiana, dakwara mai ƙaro ta koma Senegalia senegal. Gawo kuwa tun 1934 Auguste Chevalier ya ware masa jinsinsa, ya zama Faidherbia albida. Duk ƙamusun Hausa da ya kwafo sunayen 1916 ba tare da bita ba, yana ɗauke da sunaye da dama da aka daina aiki da su.

8.0 KAMMALAWA

An ga yadda ra'ayin suna guda ga iri guda ya taso daga matsalar fassara, ya sami tsari a hannun Linnaeus, ya sami ma'anar nasaba bayan Darwin, kuma har yanzu ana yi masa kwaskwarima. An kuma ga cewa a Katagum, inda aka yi sakaci da sunan ƙasa an bar ruɗani, inda aka rubuta shi kuwa an bar littafin da ake amfani da shi fiye da shekara 100.

Aikin da ya rage yana wuyan masana harshe. Littafin Dalziel bai nuna karin sauti da tsawon wasali ba, kuma bambancin kare-karen harshe yana da yawa a wannan fage: bagaruwa a nan gabaruwa a can, itaciya guda ana kiranta dogon yaro da darbejiya da maina da bedi. Inda suna ɗaya yake nufin tsiro biyu a garuruwa biyu, kuskure a littafin magani ko na makaranta yana iya kaiwa ga cuta. Ana bukatar a tattara sunayen tsirrai na Guddiranci da na Fulfulde da Barbarci da Karekare na wannan yanki, kowane suna da cikakken furucinsa, da garin da aka ji shi, da sunan wanda ya bayar da shi idan ya yarda, da kuma busasshen samfurin da za a adana domin tabbatarwa. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da ke Azare, da Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau, suna da masana harshe da na kimiyya da za su iya haɗa hannu a kan wannan. Harsunan Shira da Teshena, waɗanda a da ake magana da su a wannan ƙasa, sun riga sun ɓace, kuma mafi yawan sunayen da suka raɗa wa itatuwan bakin kogin Jama'are sun tafi tare da su.